Kernza ko 'yan uwanta? Wace ciyawar alkama zaka shuka in ka samu fili a ƙasar sanyi

Akwai wani ɗan yayata da yake zaune a Dakota ta Arewa, can Amurka dab da iyakar Kanada, yana aikinsa na ofis amma jinin kiwo bai bar shi ba, ya karɓi hayar wani ɗan fili yana tara tumaki yana sayar wa Musulmin yankin lokacin layya. Kwanaki ya kira ni yana ta zumuɗi, wai kawu na ga wata alkama da ake shukawa sau ɗaya a yi ta girbi shekara da shekaru, sunanta Kernza, ita zan zuba a filin nan gaba ɗaya. Nace masa tsaya tukuna ɗana, wannan da ka gani a bidiyo ba alkama bace, ciyawa ce 'yar dangin alkama, kuma tana da 'yan uwa aƙalla uku da zasu iya fin ta amfani a wurinka, ya danganta da irin filin. Mun daɗe muna magana har cajina ya ƙare, shine nace bari in rubuta shi a tsare ko wani ma zai amfana.

Kafin komai sai an gane wace irin halitta ce. Abinda suke kira wheatgrass a shagunan iri ba ciyawa ɗaya bace, tarin ciyayi ne da suke gida ɗaya da alkama da sha'ir, in ka kalli zangarniyar ma zaka ga kamannin, sai dai siririya ce kuma ƙwayar ƙanana. Bambancinsu da alkama shine basa mutuwa bayan girbi. Sama ta bushe, tushe da saiwa suna nan da rai a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, da ƙanƙara ta narke wajen Afrilu sai kaga toho ya fito. Ba gyauro bane irin na dawa da kan fito tsilla-tsilla, tushen ne gaba ɗaya yake farkawa. Kuma dukkansu 'yan sanyi ne, ƙarfin girmansu daga Afrilu zuwa Yuni ne, in zafin Yuli da Agusta ya shigo sai su lafa, su ɗan sake motsi a Satumba in an samu ruwa.

Ta wajen tsiro kuwa kashi biyu suke. Wasu suna tashi tsibi-tsibi ne kamar gamba, kowane tushe yana zaman kansa da fili a tsakani. Wasu kuma suna da kara mai bin ƙarƙashin ƙasa yana ɓullowa can gaba, kamar yadda tofa take yi, har su saƙa filin ya zama kamar tabarma. Wannan bambancin ba ƙaramin abu bane, shi ke nuna wadda zata cike gurbi da kanta in wani wuri ya mutu da wadda sai ka sake zuba iri.

Abubuwan da nace masa ya auna su ne: ruwan da wurin yake samu a shekara, irin ƙasar musamman ko akwai gishiri ko kanwa a ciki, me yake nema (hatsi ne, ko ciyawar kiwo, ko dai kawai a riƙe ƙasa kada iska ta kwashe), kuɗin iri da na aiki, shekara nawa zata yi, wahalar kamawa, sai kuma haɗarin da ke tattare da ita. A cikin waɗannan duka na farko da na biyu su ne alƙalai, sauran duk biyo baya suke.

Matsakaiciya, uwar Kernza

Sunanta na kimiyya Thinopyrum intermedium, daga nan na samo sunan matsakaiciya, asalinta daga gabashin Turai zuwa yammacin Asiya, kuma irin da ya kama ƙasa a Amurka an kawo shi ne a 1932 daga yankin Maikop na Kokesas a kudancin Rasha. Shekaru da dama ciyawar shanu ce kawai, ba wanda yake mata kallon abinci. A 1983 ne wata mai bincike Peggy Wagoner a cibiyar Rodale ta Fensilbaniya ta fara gwada ciyayi masu daɗewa kusan 100 tana neman wadda za a iya mayarwa hatsi, wannan ce ta yi fice. Daga baya aikin ya koma cibiyar Land Institute da ke garin Salina a Kansas, wadda Wes Jackson da Dana Jackson suka kafa a 1976, a nan Lee DeHaan ya duƙufa yana zaɓen masu manyan ƙwaya tun wajen 2003. Kernza sunan kasuwa ne da cibiyar ta yi wa rajista, ba sunan tsiron bane. Jami'ar Minnesota ita ma ta shiga a 2011, ta fitar da irin MN-Clearwater a 2019, shine na farko da aka saki musamman don cin ɗan Adam.

Abin burgewa a jikinta saiwa ce, tana iya nutsewa har kusan mita 3, ita ce hoton nan da ake yawo da shi ana riƙe da doguwar saiwa kamar gemu kusa da 'yar guntuwar ta alkama. Saboda wannan saiwar tana zuƙe takin zamani da zai zarce ya gurɓata ruwan rijiya, shi yasa a Minnesota ake son shuka ta kusa da inda garuruwa ke jan ruwan sha. Tsayinta ya kan wuce mita 1, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa amma a hankali, tana son ruwa daga milimita 350 zuwa sama da ƙasa mai ɗan kyau wadda ruwa baya kwanciya.

To amma maganar hatsi, nan ne nake so mutum ya buɗe ido. A gwaje-gwajen da aka yi wa MN-Clearwater abinda ta bayar kusan kilo 700 ne a hekta, alhali alkama a wannan yankin tana wuce tan 3 cikin sauƙi. Kuma ba a nan ta tsaya ba, shekarar farko da ta biyu ne take ba da ƙwaya sosai, daga ta uku tushen ya cunkushe sai ta koma yin ganye zangarniya ta ragu, yawancin manoma bayan shekara 3 ko 4 suke kafce ta ko su bar wa dabbobi. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai in ka ajiye ta kusa da ta alkama, wata tana fita da ɓawonta sai an kai inji na musamman ya ɓare, in ta yi tsawo iska tana kwantar da ita, in ka makara girbi ta zube a ƙasa. Garinta yana da ɗanɗano mai daɗi kamar na gyaɗa-gyaɗa amma baya tashi kamar fulawa, masu burodi gauraya shi suke da na alkama. Sannan akwai wata cuta da kan kama zangarniya ta mayar da wasu ƙwayoyin baƙaƙe masu tauri, waɗannan guba ne ga mutum da dabba, dole a tace su.

Ta wajen kuɗi ita ce mafi tsada in Kernza ɗin kake so, don sai ka yi rajista an ba ka lasisin amfani da sunan, irin ma ba ko'ina ake samu ba, ga kuɗin sharewa da ɓarewa. Kasuwar kuma ƙarama ce har yanzu, kamfanoni irin su Patagonia Provisions da General Mills sun yi kaya da ita amma ba wai zaka loda mota ka kai wurin sayen hatsi na garinku a auna a biya ka bane kamar alkama, sai kana da mai saye tun kafin ka shuka. Wani abu kuma da ɗan nawa bai sani ba sai da na faɗa masa, kaya na farko da ya yi suna da Kernza a 2016 giya ce, kuma har yanzu masu giya da barasa suna cikin manyan masu saye, don haka Musulmin da zai noma ta sai ya tambayi inda hatsinsa zai tafi.

Amma fa kada wannan ya sa a raina tsiron. In ka cire sunan Kernza ka sayi irin kiwo na wannan ciyawar, irin su Oahe ko Rush ko Manska, kuɗinsa daidai ne, yana kamawa da wuri don ƙwayar ta fi ta sauran girma, kuma a cikin huɗun nan ba wadda ta kai ta ba da ingirici mai yawa mai kyau, musamman in aka haɗa ta da alfalfa, wani ganyen kiwo ɗan dangin wake. Rauninta ɗaya, bata son a sake mata dabbobi su yi ta gwaguya har ƙasa ba hutu, in aka yi haka shekara kaɗan zata sirance.

Mai zanko

Wannan ita ce Agropyron cristatum da ƙanwarta Agropyron desertorum, na kira ta mai zanko ne don zangarniyar a baje take da haƙora a jere kamar zankon zakara ko matsefi. Daga filayen Rasha da Saiberiya da tsakiyar Asiya ta fito, wani masanin tsirrai na Dakota ta Kudu N. E. Hansen ya fara kawo ta a 1898. Amma lokacin da ta yi suna shine shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin tsakiyar Amurka da Kanada mutane suka watsar da filaye suka gudu, ita aka bi ana zubawa a miliyoyin eka don ƙasa ta zauna. Jami'ar Saskatchewan ta Kanada ta fitar da irin Fairway a 1932, aka samu Nordan daga Mandan ta Dakota ta Arewa a 1953, sai Hycrest daga Logan ta jihar Yuta a 1984.

In ana maganar juriya wannan jaka ce. Ruwan milimita 200 zuwa 250 ya ishe ta rayuwa, sanyi baya kashe ta, dabbobi su tattake ta su cinye ta tashi, akwai filayen da aka shuka tun zamanin guguwar ƙura suna nan har yau. Irinta araha ne kuma ko'ina akwai, kamawa ba wuya. Ita ce take riga kowa yin kore da ƙanƙara ta narke, wato lokacin da ingiricin da ka tara ya kusa ƙarewa kana lissafin sayen wani, sai ta cece ka da makonni biyu ko uku.

Araha dai bata ado. Da ta fitar da kai wajen Yuni sai ta zama kara, tumaki su bi ta gefe suna shinshina, tushen da aka bari bai ciwu ba kuma shekara mai zuwa tsohon kara ya cakuɗe da sabon ganye dabba ta ƙara guje masa. A farkon toho kuma in dabba mai shayarwa ta cika ciki da ita zalla akan samu ciwon da ƙarancin sinadarin maganiziyam ke kawowa, dabba ta riƙa rawar jiki ta faɗi, don haka sai an ajiye musu gishirin lasa mai wannan sinadarin. Babban laifinta kuwa mamaya, inda ta zauna bata barin kowa, tana tsallakawa cikin dajin ciyawa na asali ta kore 'yan ƙasa, har gandun Grasslands na Saskatchewan suna kashe kuɗi wajen yaƙi da ita. In filinka yana maƙwabtaka da irin wannan dajin, ko kana cikin wani shirin gwamnati na dawo da ciyayin asali, to ka tambaya kafin ka zuba, don fitar da ita ya fi shuka ta wahala nesa ba kusa ba.

Doguwa

Thinopyrum ponticum, daga yankin Turkiyya da Balkan da kudancin Rasha. Tsibi-tsibi take tashi, tana iya kai mita 2, ganyen da kauri da kaushi. Aikinta guda ɗaya ne kuma ba mai yi mata shi: ƙasa mai gishiri da kanwa, irin wadda zaka ga ta yi fari-fari a sama in ta bushe, ko inda ruwa ke kwanciya a ƙasa kusa. Inda sauran zasu tsiro su ƙone ita nan take jin daɗi. Shi yasa ake noma ta sosai a kwarin Salado na Ajantina, da wuraren da gishiri ya ɓata a kudancin Ostireliya inda suke da irin Tyrrell da Dundas, a Amurka kuma Alkar da Jose. A Hangari har sun fitar da wani iri Szarvasi-1 don a ƙona a samu makamashi. Masu gyaran irin alkama ma suna ji da ita, daga jikinta aka ɗebo wasu ƙwayoyin gado da suke kare alkama daga cutar tsatsa.

Ga mai tumaki dai ba ita ce zaɓin farko ba, shanu sun fi iya ta. Tana makara wajen nuna don haka tana nan kore lokacin da mai zanko ta bushe, wannan alheri ne, amma dole a ci ta ko a yanke kafin ta fitar da kai, kuma a bar mata kamar santimita 15 a ƙasa. Kuɗin iri matsakaici. A Ostireliya ta tsere daga gonaki ta shiga fadamun gishiri na bakin teku ta zama matsala, ita ma ba waliyyiya bace.

'Yar gida

Pascopyrum smithii, ita kaɗai ce a cikin huɗun nan asalinta Amurka ta Arewa, har jihohin Dakota biyu da Wayomin sun ɗauke ta a matsayin ciyawar jiha. Gajeriya ce, bata cika kai mita 1 ba, ganyen shuɗi-shuɗi mai tauri, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa sosai. Tana son ƙasar laka mai nauyi, tana jure ambaliya ta ɗan lokaci da fari da ɗan gishiri. Ire-irenta akwai Rosana da Rodan da Arriba. Matsalarta haƙuri take so, irin baya tsirowa gaba ɗaya lokaci guda, shekarar farko zaka rantse asara ka yi, sai a ta biyu ko ta uku filin yake rufewa, kuma irin ya fi na mai zanko tsada. In ta kama kuwa shikenan ka huta, kuma ba wanda zai zo yace ka shigo da baƙuwa.

| | Matsakaiciya | Mai zanko | Doguwa | 'Yar gida |
|---|---|---|---|---|
| Tsiro | yaɗo a hankali | tsibi | tsibi | yaɗo sosai |
| Ruwa a shekara | daga milimita 350 | daga 200 zuwa 250 | daga 350, ko ƙasa mai damshi | daga 300 |
| Gishiri da kanwa | kaɗan | kaɗan | sosai | daidai gwargwado |
| Kuɗin iri | na kiwo daidai, Kernza tsada | araha | matsakaici | ɗan tsada |
| Kamawa | da wuri | da wuri | matsakaici | a hankali |
| Daɗewa | hatsi shekara 3 zuwa 4, ciyawa ta fi haka | gomman shekaru | tana daɗewa | tana daɗewa sosai |
| Haɗari | kasuwa, raguwar hatsi | mamaya, saurin zama kara | kaushi, mamaya | jinkiri |

Wajen shuka kusan dokarsu ɗaya. Ƙasa ta zama a daddale ba a tubuke ba, iri kada ya wuce zurfin santimita 1 zuwa 2, mafi yawan asarar da ake yi binne iri ne da zurfi. Ko dai a shuka da farkon narkewar ƙanƙara, ko a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba lokacin da sanyi ya hana tsiro irin ya kwana a ƙasa har shekara ta juyo. Mai neman hatsin Kernza shi lokacinsa daban, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, don tsiron ya kafu ya sha sanyin hunturu, in bai sha wannan sanyin ba bazai fitar da zangarniyar kirki ba. Kuma shekarar farko a tsare dabbobi, na san da wuya mutum yana ganin kore yana sayen ingirici, amma tunkiya tana tumɓuke ƙaramin tsiro da saiwarsa ne gaba ɗaya.

Wannan maganar sanyin ita ce amsar masu tambaya ko za a iya kawo wannan irin nan gida ƙasar Hausa. Kada adadin ruwan nan ya ruɗe ka kace ai Kano ma ta fi haka ruwa, milimita 300 a ƙasar da rabin shekara ƙanƙara ce ba ɗaya bane da namu da rana ke shanyewa, kuma sanyin Disambarmu bai kai ya sa ta haihu ba, zafin Afrilu kuma zai gama da ita. Mai neman ciyawa mai daɗewa a Katsina ko Maraɗi gamba tana nan, mai son tare zaizaya ga jema.

To wa zai ɗauki wacce? In ƙasarka tana fari da gishiri ko kanwa, kada ma ka wahalar da kanka da lissafi, doguwa ce, in gishirin kaɗan ne kuma ƙasar laka ce ka gauraya da 'yar gida. In wurin busasshe ne ruwa bai kai milimita 300 ba, kuɗinka kaɗan, kuma ba dajin asali kusa, mai zanko, amma ka ware mata yanki ɗaya na kiwon farkon shekara kada ta zama ita kaɗai gare ka. In filin naka ne na kanka ba haya ba, kana da haƙurin shekara uku, ko hukuma ta sharɗanta ciyawar asali, 'yar gida. In kana da ruwa da ƙasa mai kyau kuma ingirici kake so, matsakaiciya irin ta kiwo. Kernza kuwa sai manomin da yake da injin girbi ko maƙwabcin da zai ara masa, yana da mai saye a hannu da takarda, kuma ya yarda cewa rabin ribar daga ciyawa da kara zata fito ba daga buhu ba.

Shi ɗan nawa filin haya ne na shekara biyar, ba inji, tumaki ne jarinsa, kuma da na matsa masa da tambaya sai ya tuna akwai wani lungu ta gangare da yake yin fari in rani ya yi. Nace masa ya ɗebi ƙasa daga sama da kuma lungun daban-daban ya kai ofishin malaman gona na gundumarsu a auna gishirin, in ta fito yadda nake zato ya zuba Oahe da alfalfa a tudun, doguwa a lungun, in kuma zuciyarsa ta ƙi haƙura da Kernza ya sayi garin a shago ya sa a yi masa fanke ya ji ɗanɗanon. Yace zai kai ƙasar ranar Litinin.